Neman shawara: bargon lantarki daga Legas zuwa Jos

Mazaunin Agege

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan bargon lantarki. A Agege nake zaune, kuma kowa ya san cewa a nan Legas fanka muke nema ko a watan Janairu, don haka buƙatar ta mahaifiyata ce, wadda take zaune a Jos, ta kuma haura shekara 70. Idan hunturu ya kankama daga Disamba zuwa Janairu, sanyin dare yana hana ta barci, gwiwoyinta suna ciwo, har ta kai ga ana shigar mata da kaskon garwashi ɗaki, abin da hankalina bai kwanta da shi ba. Tana da ciwon suga, amma tana shan magani. Na ga sababbi a kasuwar Alaba, na kuma ga na gwanjo da araha ƙwarai a Katangowa. Wanne ya kamata in saya, yana cin wuta da yawa ne, kuma babu haɗari idan Hajiya ta kwana da shi?

Mai Gyaran Wuta, Idi-Araba

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka da alheri bisa kula da mahaifiya. Kafin maganar farashi, ka juya bargon ka karanta ɗan ƙyallen da aka ɗinke a gefensa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, saboda haka abin da kake nema shi ne wanda aka rubuta 220 zuwa 240. Kayan da suka fito daga Amurka da Kanada an yi su ne don bolt 120, kuma idan aka jona irinsu kai tsaye a soket ɗinmu, ko dai na'urar sarrafa zafin ta ƙone nan take, ko kuma wayoyin ciki su ɗauki zafin da ya ninka wanda aka tsara musu kusan sau huɗu. Na Ingila ya fi dacewa da mu, domin ƙarfin wutarmu ɗaya ne da tasu, filoginsu mai ƙafa uku shi ne namu, kuma yana da fis a cikinsa.

Na gwanjo kuwa ban ba ka shawara ba ko da kyauta ne. Abin da ke ɗumama bargon siririyar waya ce da aka zagaya da ita cikin yadin, kuma kayan gwanjo a dila suke zuwa, an matse su da inji an ɗaure. Wayar da ta lanƙwashe ko ta fara tsinkewa a ciki ba a ganinta da ido, amma a daidai wurin ne zafi yake taruwa har ya babbaka yadin. Ban da haka, ba ka san shekarunsa ba, alhali hukumomin kashe gobara a Ingila suna shawartar mutane su sauya duk bargon da ya wuce shekara 10.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na shimfiɗawa a kan katifa ƙarƙashin zanin gado, akwai kuma na lulluɓa. Ga tsohuwa na fi son na shimfiɗawa mai igiyoyin ɗaurewa a katifa, domin ba ya cukurkuɗewa idan ta juya. Ka nemi mai matakan zafi, mai kashe kansa bayan wani lokaci, wanda kuma aka rubuta cewa yana da kariyar da ke yanke wuta idan zafi ya wuce ƙa'ida. Ka sa a jona shi a shagon, ka jira ya ɗumama, ka bi shi da tafin hannu ka ji ko akwai inda ya fi sauran zafi.

Cin wuta ba abin damuwa ba ne. Na mutum ɗaya yawanci bai wuce wat 100 ba, wanda ke nufin ko ya kwana awa 8 a kunne bai cinye yunit ɗaya a mita ba. Dutsen guga ya ninka shi kusan sau goma.

Ma'aikaciyar Jinya, Mushin

Bayanin Malam mai gyaran wuta ya gamsar, amma ni inda na tsaya shi ne ciwon sugan da ka ambata a taƙaice, domin shi ne ya fi komai muhimmanci a tambayarka. Ciwon suga idan ya daɗe yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafafu, ta yadda mutum zai ƙone bai sani ba. Ba sai zafin ya yi tsanani ba. Ɗumi matsakaici da ya daɗe a wuri ɗaya na fata tsawon dare yana iya tayar da bororo, kuma ciwo a ƙafar mai suga yana jinkirin warkewa ƙwarai. Ka tambayi Hajiya ko tana jin ƙafafunta suna dindiris ko kamar ana tsira mata allura, sannan a gaya wa likitan da ke duba ta kafin a fara amfani da bargon.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a kunna shi kamar rabin awa kafin ta kwanta, bayan sallar isha'i, da bargo mai kauri a sama don ya riƙe ɗumin, sannan a kashe a zare filogi kafin ta hau gadon. Wahalar tsofaffi galibi ita ce shiga shimfiɗa mai sanyi, kuma da zarar gadon ya ɗumama jikinta zai ci gaba da riƙe shi, musamman idan ta sa safa da hula. Kada ta shafa man zafi a gwiwa ta kuma kwanta a kan bargon yana kunne, domin haɗuwar biyun tana ƙona fata. Idan akwai jikoki ƙanana da ke kwana a gadonta, musamman masu fitsarin kwance, kada a kunna shi suna kai.

Kaskon garwashi kuma ina roƙonka a daina shi daga daren yau, ko an sayi bargo ko ba a saya ba. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum cikin barci.

Ɗan Tireda, Mile 12

Ni ina da ja kaɗan. Duk wannan lissafi an yi shi ne kamar wuta tana tsayawa. Idan unguwar Hajiya ba ta cikin rukunin A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, akwai daren da za a wayi gari bargon bai ga wuta ba, kuma babu wanda zai tayar da janareta da tsakar dare saboda bargo. A ganina ka fara sayen bargo mai kauri na gaske da rigar sanyi, a toshe kafofin taga da ƙarƙashin ƙofa, sannan na lantarkin ya zama ƙari. Akwai kuma matsalar ɗauke wuta a dawo da ita: a manta shi a kunne da safe, a tafi kasuwa, wuta ta dawo babu kowa a ɗaki.

Mazaunin Agege

Na gode muku ƙwarai. Na kira ƙanwata da ke tare da Hajiya, ta ce an fitar da kaskon, kuma za su yi wa likita maganar ƙafafun. Gidan yana da sola da inbata mai batir ɗaya. Zai iya ɗaukar bargon? Kuma yaya ake wanke shi?

Mai Gyaran Wuta, Idi-Araba

Zai ɗauka. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kusan yunit 2.4 a lissafi, ko da yake ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, kuma ɗumama gado na rabin awa bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ba. Sai dai a duba irin inbatar, domin masu arahar nan da wutarsu ba ta fita sumul suna iya lalata na'urar sarrafa zafi mai madannai, don haka a tambayi wanda ya haɗa solar. Maganar Alhaji ɗan tireda gaskiya ce ga masu makunnin turawa da hannu, waɗanda suke ci gaba da aiki da zarar wuta ta dawo, shi ya sa zare filogi ya kamata ya zama aikin ƙanwarka kowane dare. A jona shi a soket na bango kai tsaye, ba a wayar ƙari da ta riga ta ɗauki kaya ba.

Wanki kuma sai idan takardarsa ta yarda, kuma sai wanda ake iya cire wayarsa. A wanke a hankali ba tare da murɗawa ba, kada a yi masa guga, kada a jona shi sai ya bushe sarai. Idan za ka ba da shi a tashar mota, ka bar shi cikin kwalinsa, ka roƙi direba kada a ɗora masa buhuna. Bayan hunturu a naɗe shi sako-sako kamar tabarma maimakon ninkewa, a ajiye inda ɓera ba zai kai ga wayar ba, sannan a duba shi ciki da waje kafin a sake jona shi a Disamba mai zuwa.