Musayar waƙa: Tambaya ce ta gano, ko gidan da aka tashi?

Ɗan Magina (Dutse), Juma'a, 8:40 na dare

Assalamu alaikum 'yan zaure. Maudu'in wannan mako a hannuna yake. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a nan Dutse, daga gidan magina ya fito. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da tsumma mai danshi. Ruwan yashin na tsattsafowa ta jikin babbar, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin ciki. Gautan da kan yi yaushi a kwana 3 ya kai kwana 27. A 2000 aka ba shi kyautar Rolex. Me ya haifar da wannan, son sanin dalili ko gidan da ya tashi? Ƙwar huɗu, amsa-amo "ya". Bismillah.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Shi ya yi ido domin dubawa,
Ya yi kunne domin saurarawa,
Ya ba mu harshe don tambaya.

Randa tana nan tun kakanni,
Ruwanta da sanyi ko a rani,
Dubu sun sha ba su nemi sani,
Ɗaya ya tsaya ya yi tambaya.

Ya ce, mene ne ke ɗauke zafi?
Gumi ne na yumɓu, ba shi tsafi,
Iska ta sha shi, sanyi ya yi ƙarfi,
Ga amsa nan a jikin tukunya.

Ni dai ku ji inda na sa gabana,
Ba gado ba ne, 'yan'uwana,
Magina dubu ne a garina,
Wa ya yi in ba mai tambaya?

Ɗan Karofi (Kano), 9:05 na dare

Ƙanena na Dutse, ka yi ƙoƙari,
Jiya aka yaye ku, sai haƙuri,
In kana neman ilimin gari,
Zo Ƙofar Mata ka ga duniya.

Baba da toka a ramin shuni,
Zane ya fito kore, ka gani,
Iska ta taɓa shi ya sake launi,
Ya koma shuɗi a kan igiya.

Yaron da ya tashi a bakin marina,
Da hanci yake gane in ta nuna,
Ba a aji ya koya ba, ɗan'uwana,
Wurin zamansa ya share hanya.

Da Bah Abba ɗan gidan masunta ne,
Da yumɓu a gunsa taɓo kawai ne,
Abin da ya sa ya gano, gida ne,
Can ya ga ana ginin tukunya.

Sai a 1991 aka yanke ku daga jikinmu, karofinmu kuwa tun 1498. Kuma ka ɗauki tukunyar nan ka kai ta Fatakwal da damina. Iskar can a jiƙe take, ba ta shan gumin yumɓu, sanyin ba zai kai na Dutse ba. Ita kanta dabarar 'yar ƙasarta ce.

Baban Ummi (Kano), 9:09 na dare

Kano ta Dabo tumbin giwa! Ko da me ka zo an fi ka. Ɗan Karofi ya rufe zance, a tashi.

Malama Mai Alli (Zariya), 9:48 na dare

Ba inda za a tashi, Baban Ummi.

Kun bar jaki kuna dukan taiki,
Kowane yaro na zuwa da mamaki,
Manya ke ce masa, "Rufe baki,
Ka cika surutu, ba ka da kunya."

Ya ce, "Inna, don me wata ke bin mu?"
Ta ce, "Tafi can, kar ka dame mu,"
Ya zo aji, can ma a tsarinmu,
Hadda da bulala, ba tambaya.

Ya kwance rediyo ya ga mai magana,
Ya sha duka har ya kasa kwana,
Motar kara da ya yi da rana,
An tattake ta a bakin hanya.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a aikin Bah Abba ba gautan ba ne. In kayan miya na jure kwanaki, ba dole a ɗora wa yarinya talla kullum ba, sai ta samu zuwa makaranta. Allah ya sa haske a kabarinsa.

Gimbiyar Tudun Wada, 9:50 na dare

Allah ya ja zamanin Malama! Zazzau ta yi magana, Kanawa a koma Kwari a ci gaba da ciniki.

Ɗan Karofi (Kano), 10:02 na dare

Malama, allin yana hannun wa?
Bulalar nan tana ɗakin wa?
Ƙarar da kika kai, ta gidanku ce kuwa,
Ki gyara aji ki bar hayaniya.

Malama Mai Alli (Zariya), 10:11 na dare

Yaya na Kano, zo ka riƙe aji,
Yara maƙil, na baya ba sa ji,
Ba benci, balle ɗakin gwaji,
Sannan ka zo ka yi min fariya.

Jarrabawa hadda take nema,
Mai "don me?" shi ke yin nadama,
Ni ko a ajina ina ba shi dama,
Ko da manhaja za ta tsaya.

Basakkwace (Birnin Shehu), Asabar, 6:30 na safe

Ku ba mu wuri, mu munka iso,
Da Jelani Aliyu abin so,
Tun yana yaro zane yaka so,
Mota a takarda, mota a zuciya.

Birnin Kebbi yay yi karatun zanen gini,
Sannan yat tafi Ditiroyit ta Amurka neman sani,
A 2007 duniya tag ga Chevrolet Volt da idanu, kun gani,
Zanen ɗan Sakkwato na, ba tantama ko ɗaya.

Da ya zamna gida da basira tai,
Wa ka ba shi ɗakin gwaji nai?
Tambaya ba kayan aiki, ku ji dai,
Ƙarshenta ƙaura ko shan wuya.

Malam Aruli (Katsina), 7:15 na safe

Tun jiya nake karantawa na yi shiru. Wannan kam ba a yi masa shiru.

Ɗangon farinka gaɓa goma,
Na bakwai ya zarce ashirin ma,
Mai yabon mota, ina ka koma?
Baitinka ya yi faci a hanya.

Basakkwace (Birnin Shehu), 7:22 na safe

Allah shi gafarta Malam, sunan mota da shekara ba ni na aza su ba. Rera shi da sauri ka ji in bai zamna ba.

Malam Aruli (Katsina), 7:25 na safe

Na rera. Numfashina ya ƙare kafin in kai "idanu".

Malama Mai Alli (Zariya), 8:03 na safe

Allah gafarta Malam, ka sassauta,
Gaɓa ba ƙirga ta ake ba, auna ta,
Doguwa da gajera, kowacce da nauyinta,
Kai ma ka tsallake wannan gaskiya.

Malam Aruli (Katsina), 8:10 na safe

Malama, na san awo tun kafin ki riƙe alli. Ɗangon da ya ninka ɗan'uwansa biyu ba ya buƙatar awo, ido ma ya isa. Halilu bin Ahmad na Basara ya fitar da bahari 15, wato ma'aunan waƙa, Ahfash ya zo daga baya ya ƙara mutadarik suka cika 16. Ba don mu zo muna zuba labarun rediyo a cikin baiti suka sha wannan wahala ba.

Baban Ummi (Kano), 8:12 na safe

In waƙa ta yi daɗi a kunne, shi ke nan. Aruli ya zauna a jami'a.

Gimbiyar Tudun Wada, 8:13 na safe

Kai da ko baiti ɗaya ba ka kawo ba, sai kirari.

Baban Ummi (Kano), 8:14 na safe

Ke nawa kika kawo, Hajiya?

Ɗan Karofi (Kano), 9:30 na safe

Ku dakata. Masu tarihi sun ruwaito inda Halilu ya fara jin wannan awo, Malam kuwa ya tsallake wurin.

Malam, ka faɗi rabi ka ɓoye saura,
Halilu a kasuwa ya saurara,
Maƙeran tagulla na bugu a Basara,
Can ya tsinci awon, ba a zawiya.

Mu ma a mabuga muna da namu,
Lugude a turmi na iyayenmu,
Kari yana nan cikin kunnenmu,
Tun ba mu san alif ba, balle ya.

Ɗan Magina (Dutse), 9:41 na safe

Yaya, da bakinka ka ka da kanka,
Dubu sun ji guduma tana sauka,
Maƙerin ma da ke ta duka,
Bai fid da bahari ba ko ɗaya.

Autan Panteka (Kaduna), 1:20 na rana

Wa ke taɓa maƙera a nan?

Yaya na Dutse, ka taɓo maƙera,
Bai fid da bahari ba, amma ya ƙera,
Zo Panteka ka ga injin markaɗen da muka tsara,
Daga tsohon ƙarfen da kuka zubar gaba ɗaya.

Mukan kwance abu mu ga yadda yake,
Mu auna, mu yanka, mu liƙe,
Sai ana tsakar walda a ɗauke
Wuta, aiki ya kwana a hanya.

Yaran da aka ce ba sa gane karatu, da yawa a wajenmu suke ƙarewa. Ka ba ɗayansu injin da bai taɓa gani ba, ya kwance shi ya mayar, ba ƙusa ɗaya da za ta yi saura. Malama, ki kawo mana ajinki rana guda, za mu nuna musu abin da ke cikin littafin nasu yana motsi.

Malama Mai Alli (Zariya), 2:05 na rana

Auta, Allah ya yi maka albarka. Kuɗin mota ne zai hana, amma zan kai maganar gaban iyayen yara.

Bamaraɗiya (Maraɗi), Lahadi, 4:50 na marece

Ƴan uwa ku yi haƙuri, rezon waya ne ya ƙiya tun shekaranjiya. Amsata ta Basakkwace ce, ban shiga rigimar awo.

Yaya Basakkwace, ka ce sai ɗakin gwaji,
Mu gona ce tamu da daji,
Kututturen da muke sarewa, ka ji,
Saiwarsa ba ta mutu ba ko ɗaya.

Baƙo ya tsugunna ya duba,
Ya ga toho ne, ba ciyawa ba,
A bar biyu ko uku, ba a ƙone ba,
A datse saura, a ba su kariya.

Gawo da damina ke kaɗe ganye,
Gero a ƙarƙashinsa shar, ɗanye,
Da rani bisashe su zo su cinye
Ƴaƴansa, su bar taki ba wuya.

Baƙon shi ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, a 1983 nan jihar Maraɗi. Iyayenmu sun san kututturen nan, kowace shekara suna share tohonsa kafin shuka, sabo ya rufe musu ido. Shi ya ga abin, amma manoma ne suka yi aikin da laujensu da gatarinsu. Kuma ba su riƙe shi da gaske ba sai da manomi ya tabbata iccen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba. Yau ana ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba wanda ya yi ƙaura, ba wanda ya shiga ɗakin gwaji.

Ɗan Magina (Dutse), 5:02 na yamma

Kun ji ko? Shekara da shekaru a kan kututture, sai da mai tambaya ya zo. Na ci.

Ɗan Karofi (Kano), 5:04 na yamma

Ka ci me? Ba ka ji ta ce sai da icce ya zama na manomi ba? Wannan ai nawa ne.

Malam Aruli (Katsina), 6:40 na yamma

Madalla da ƙanwata. Maraɗi ai Katsina ce, har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkinta. Baitocinta sun zauna daram.

Mu Katsina lissafi gadonmu ne,
Muhammadu Alkashinawi namu ne,
Hatimin lissafi aikinsa ne,
Masar ta san shi, ku je ku tambaya.

Ya rubuta littafinsa a kan hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ta Dikko ɗakin kara ba ta jiran kowa ya koya mata bincike.

Basakkwace (Birnin Shehu), 7:55 na dare

Son kai ƙiri-ƙiri! Ɗangonta na farko gaɓa 13, na biyu 9, amma don ta gidanku ce yatsun Malam sunka sage.

Malaminku ma ai yay yi ƙaura,
Bai ƙare Katsina ba, sai Alƙahira,
Can littattafai da masu saurara,
Ni da kai wa yaf faɗi gaskiya?

Ƙanwata ta Maraɗi, iccenki na tsira da laujen gida, mota ba ta tsira haka. Kai ko Malam, tunda kai ne gwani, sa mini Chevrolet Volt da 2007 cikin gaɓa goma in gani.

Malam Aruli (Katsina), 9:18 na dare

Volt ta Jelani ta ga duniya.

Ƙirga.

Basakkwace (Birnin Shehu), 9:20 na dare

Na ƙirga. Ina Chevrolet? Ina shekara? Ka cinye rabin labari kana kiran shi awo. Sake, Malam, muna nan.