A ina aka taɓa jin kukan iyayen soja har aka dawo musu da 'ya'yansu?

Yayar Kofur, Rikkos, Jos

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san tarihi ya ba ni amsa tsakani da Allah. Akwai ƙasar da talakawa suka tashi da kansu, ba 'yan siyasa ba, suka ce a dawo musu da 'ya'yansu daga bakin daga, kuma hukuma ta saurara? In akwai, wa ya ja gaba, kuma ta wace hanya suka bi?

Ƙanena soja ne, kofur. A hannuna ya tashi bayan rasuwar Babanmu, da kuɗin ɗinkina aka yi masa hotuna da takardun shiga aikin. Lokacin da aka tura shi Arewa maso Gabas ya bar matarsa da ciki, yau yaron da ƙafarsa yake zuwa Islamiyya. Fas, wato izinin zuwa gida, yake samu jefi-jefi, ya zo ya yi 'yan kwanaki, kafin barcinsa ya daidaita ya koma. Kullum maganar ɗaya ce, sigina, wato umarnin sauyi daga sama, ta kusa fitowa, za a canza su. Innarmu tana fama da hawan jini, duk ranar da wayarsa ba ta shiga ba, ranar ba ta cin abinci, sai dai carbi.

Mu da yawa ne a garin nan. Adashi ya haɗa mu, iyaye da mata da yayye, daga Rikkos, Tudun Wada, Bukuru, har da na hanyar Rukuba, Musulmi da Kirista. A zamanmu na ƙarshe kanmu ya rabu. Wata uwa ta ce mu sa baƙaƙen kaya mu fita titi da ganye kamar yadda matan Filato suka saba in an yi kisa. Wata ta ce a rubuta takarda zuwa Abuja. Matan da ke zaune cikin bariki kuwa suka ce mu rufa musu asiri mu yi shiru, kada a huce a kan mazajensu. Ni dai shirun ne ya fara gagara ta. Ba na ƙin aikin soja, ina alfahari da kakin ƙanena. Amma mutum ne, ba ƙarfe ba.

Malamin Tarihi, Anguwan Rogo

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya ba Inna lafiya, ya tsare mana su. Amsa a taƙaice: an taɓa yi, sau da yawa, amma ba yawan mutane a titi ba ne yake kawo nasara, kuma gara ki san haka tun yanzu.

Ranar 15 ga Fabrairu 2003 miliyoyin mutane suka fita a biranen duniya suna cewa kada a kai wa Iraƙi yaƙi. A Landan kaɗai an yi kiyasin mutum kusan miliyan ɗaya. Ranar 20 ga Maris aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza kamar ba a yi komai ba. Abin da ya fi girgiza Amurkawa daga baya mace ɗaya ce, Cindy Sheehan, wadda aka kashe ɗanta Casey a Bagadaza a Afrilun 2004. A Agustan 2005 ta je ta kafa tanti a bakin hanyar gonar Shugaba Bush da ke Crawford a jihar Tekzas, ta ce ba za ta tashi ba sai ya fito ya gaya mata don me ɗanta ya mutu. Bai fito ba. Amma kusan wata guda 'yan jarida suna wurin, kuma babu wanda ya iya ce mata ba ta san zafin yaƙi ba. Duk da haka sai a Disambar 2011 sojojin Amurka suka fice, bayan mutuwar kusan 4,500 daga cikinsu.

Misalin da ya fi kama da naku daga Isra'ila yake, kuma ina kawo shi ne don darasin, ba don ina ganin mamayar Labanan daidai ba ce. A Fabrairun 1997 jirage masu saukar ungulu biyu suka yi karo a kan hanyarsu ta kai sojoji kudancin Labanan, mutum 73 suka mutu. Wasu iyaye mata huɗu da 'ya'yansu ke can suka fara tsayawa a mararrabar hanyoyi da alluna. An zage su, an ce mata ba su san tsaro ba. Buƙatarsu ɗaya ce tak, a fito daga Labanan, ba su haɗa ta da komai ba. Zuwa zaɓen 1999 maganar ta cika ƙasa har ɗan takarar firaminista Ehud Barak ya yi alkawarin janyewa cikin shekara guda, kuma a Mayun 2000 aka janye. Hare-haren Hizbullah su ne suka sa zaman ya yi tsada, babu shakka, amma iyayen ne suka mayar da gawarwakin da ake kawowa tambayar da ɗan takara ba zai iya kauce mata ba.

A Rasha ma, lokacin yaƙin Checheniya na farko daga 1994 zuwa 1996, iyaye mata sun hau jirgin ƙasa da mota har fagen daga suna neman 'ya'yansu, wasu suka karɓo su daga hannun waɗanda suka kama su. Ƙungiyarsu ta iyayen soja tun 1989 take, kuma ƙarfinta shi ne rubutu: sunan wane, yaushe aka tafi da shi, yaushe aka daina jin ɗuriyarsa.

Na kusa da mu kuwa ba a daɗe ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ba sojojin Yamai wa'adin mako guda su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Kin tuna yadda Arewa ta ɗauka. Jihohi bakwai ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma babu gidan da ba shi da dangi a tsallake. Aka yi ta huɗuba, matasa suka fita a Kano, sanatocin Arewa suka ce ba su yarda ba, ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar sulhu. Malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka tafi Yamai da kansu. Ba a yi yaƙin ba. Wannan hana fita ne, ba dawo da waɗanda suka riga suka tafi ba, amma ya nuna ana jin mu in bakinmu ya zo ɗaya.

Tsohon Saja, Bukuru

'Yata, sannu da ƙoƙari. Ni na yi Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, daga nan aka wuce da mu Saliyo. Na san abin da nisa da gida yake yi wa mutum. Akwai abokan aikina da suka dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, amma ba su sake zama daidai ba, ƙarar murfin tukunya sai ta sa su zabura. Don haka kukanki a kan hanya yake.

Sai dai ki saurari matan barikin nan, tsoronsu ba na banza ba ne. Soja ba ya zanga-zanga, a dokar aiki bore ne. A Yulin 2008 sojoji 27 da suka dawo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya suka tare hanya a Akure saboda alawus ɗinsu. Kotun soja ta yanke musu ɗaurin rai da rai, daga baya aka mayar shekara bakwai. A 2014 an yanke wa mutum 12 hukuncin kisa a Satumba, wasu 54 a Disamba, duk a kan yaƙin Borno, sai a ƙarshen 2015 aka sassauta zuwa shekara goma. Saboda haka kada ƙanenki ya sa baki, kada ya tura miki hoto ko murya ki yaɗa, kada ma ya san ranar da za ku fita. Matan da ke cikin bariki su zauna a baya. Iyaye da yayye da ke zaune a gari, ku ne babu wanda zai kora daga ɗaki.

Malam bai kawo Laberiya ba, bari in ƙara. Mun yi shekaru muna zubar da jini a can, yaƙin ya lafa ya sake tashi. A 2003 mata ne, Kirista da Musulmi, suka sa fararen kaya suka zauna a fili kusa da kasuwar kifi a Monrobiya, rana da ruwan sama. Leymah Gbowee ce ta ja su. Da aka je zaman sulhu a Akra aka yi ta jan ƙafa, sai suka zauna a ƙofar zauren suka ce babu mai fita sai an daidaita. A Agustan shekarar Shugaba Charles Taylor ya sauka ya taho Kalaba, aka sa hannu a yarjejeniya. Adashinku da ya haɗa masallaci da coci a garin Jos, kada ku raina shi, kuma kada ku bari wani ɗan siyasa ya saya muku riguna.

'Yar Gwoza, Farin Gada

Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni daga Gwoza muka gudo a Agustan 2014 lokacin da garin ya faɗi. Muna kan dutse muna kallon hanya ko sojoji za su zo. A kwanakin nan ne matan sojoji suka tare ƙofar barikin Giwa a Maiduguri, suka ce ba za a kai mazajensu Gwoza ba sai an ba su makamai na kirki. Da na ji labarin daga baya na yi kuka, don ban san wa zan ba gaskiya ba. Su ma 'ya'ya gare su. Amma mu sai a Maris 2015 aka ƙwato garinmu, kuma da yawa ba su kai lokacin ba.

Amurka da Isra'ila ƙasar wasu suka je, suna da inda za su koma. Ƙanenki a ƙasarsa yake, mu yake gadi. In kuka ɗaga allo kuka ce a janye sojoji, ni ba zan tsaya tare da ku ba. In kuka ce a canza wanda ya gaji da wanda ya huta, a ba su kayan aiki, a yi wa masu rauni magani, wallahi ni ce ta farko a layi, don soja mai gajiya ba ya iya kare kowa.

Lauya, Kubwa, Abuja

Hajiya, ta fuskar doka abu biyu. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ku 'yancin taruwa cikin lumana, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba. Sanar da su dai yana da kyau, musamman a Jos inda ƙaramin taro kan juye. Na biyu, sashe na 5 ya ce ba a kai soja yaƙi wajen Najeriya sai da amincewar Majalisar Dattawa, shi ya sa maganar Nijar ta biyo ta can. Aikin cikin gida ba haka yake ba, amma majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗin tsaro, kuma kowane zaure yana da kwamitin sojan ƙasa da na ƙorafin jama'a. Takardar koke sai ɗan majalisa ya gabatar da ita a zaure, don haka ku fara da wakilinku na Jos. Ku kai kwafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Yayar Kofur, Rikkos, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Saja, na ji gargaɗinka, ƙanena ba zai san komai ba sai abin da kowa ya gani.

'Yar'uwata ta Gwoza, maganarki ta hana ni barci jiya, kuma na karanta wa matan adashinmu ita daga farko har ƙarshe. Babu wadda ta yi musu. Uwar da ta fi kowa son a fita titi ma cewa ta yi, ashe ɗanta yana da wasu iyayen a can. Mun tsaya a kan buƙata ɗaya kamar yadda Malam ya ce: a sa wa'adi sananne ga zaman soja a bakin daga, a bayyana shi, in ya cika a canza shi, kuma a duba lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa kafin a sake tura shi. Maganar giratutin matan da suka rasa mazaje tana ci mana rai, kuma akwai su a cikinmu, amma su da kansu suka ce a bar ta zuwa takarda ta biyu kada a raba hankali. Muna so ki zo zamanmu na gaba, ki sa hannu tare da mu, in kin san wasu 'yan Borno a garin nan ki taho da su.

Mun yi niyyar kai takardar kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, tunda ranar kowa yana yabon soja. In ba a amsa ba, sai mu yi shawarar zaman fili, da fararen kaya, ba baƙaƙe ba, don namu suna raye.

Barista, tambaya ɗaya. Malam ya ce ƙarfin iyayen Rasha rubuta sunaye ne, Baba Saja kuma ya ce a ɓoye yaran. Ya za mu yi da takardar?

Lauya, Kubwa, Abuja

Ku yi littafi biyu, Hajiya. Na farko naku ne, ya zauna a hannun mutum ɗaya amintacce: sunan soja, watan da ya tafi, ranar fas ɗinsa na ƙarshe. Takardar da za ta je majalisa kuwa sunayenku kawai za ta ɗauka, da dangantaka, uwa ko yaya ko kawu, sai tsawon zaman kowane ba tare da sunansa ko lambarsa ko bataliyarsa ba. In kwamiti ya nemi hujja, ku ce za ku nuna littafin a zaman sirri, tare da lauya. Ku turo mini daftarin kafin ku buga, zan duba muku ba tare da ko sisi ba.