Ranar sakin ƙwai daga ina ake fara ƙirga ta?

Amaryar Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Wata 9 kenan da aurena har yanzu shiru, kuma maigidan a Dawanau yake aiki sai bayan sati biyu yake leƙo gida. Wata maƙociyata ce tace min in ƙirga kwana 14 bayan na yi wankan tsarki, wai ranar ne mace take sakin ƙwai, to haka nake yi in kira shi ya zo amma ba labari. Al'adata duk kwana 25 take zuwa, jinin yana min kwana 6. Ko ni ce ban iya lissafin ba?

Anti Malamar Asibiti:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai tun daga farko lissafin ya karkace, ba daga ranar wanka ake farawa ba, ranar da kika fara ganin jini ita ce rana ta 1. Shi kuma 14 ɗin nan da kowa ya haddace na mai kwana 28 ne, don ƙwan yana fitowa ne wajen kwana 14 KAFIN jini na gaba, ba bayan wanda ya wuce ba. Ke mai 25 cire 14, saura 11. Kin ga kina wanka ran 6 ko 7 kwana huɗu biyar kawai ya rage, ke kuwa sai wajen rana ta 20 kike kiran bawan Allah, kasuwa ta riga ta watse. Ƙwan baya wuce awa 24 da rai, maniyyi ne ke iya kai kwana 5 a jikin mace, shi yasa gara ya riga ƙwan isowa. Ki ce masa ya taho kina yin tsarki.

Maman Biyu Gumel:
Ni wallahi ƙirgen nan ruɗa ni yake, jikina nake dubawa. In lokacin sakin ƙwan ya kusa, farin ruwa zaki gani mai yauƙi kamar ɗanyen ƙwai, in kika ja shi da yatsu biyu sai ya miƙe bai tsinke ba, wani lokaci har da ɗan tsungulin mara gefe ɗaya.

Amaryar Ringim:
Laa ina ganinsa kuwa, ni na ɗauka sanyi ne har sassaƙe na jiƙa na sha.

Anti Malamar Asibiti:
Bar jiƙe-jiƙen nan dan Allah. Na sanyi yana zuwa da ƙaiƙayi ko wari. Ki samu kalanda ki dinga ɗiga biro a ranar da jini ya fara har wata uku, don zazzaɓi ko yawan tunani yakan ɗaga ranar. In shekara ta cika shiru sai ku je asibiti ku biyun, har da shi, ba ke kaɗai ba.