Mata huɗu, miji ɗaya: musayar baitoci kan ƙwallayen Ostireliya

Baba Na-Melbon

Salamu alaikum 'yan zaure. Yau ni ke buɗewa. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "wa". Batun kuwa shi ne wanda muke ja-in-ja a kansa duk sanda aka haɗu wurin suna ko buɗa-baki: ƙwallaye huɗun ƙasar nan, wato AFL (ƙwallon da Ostireliya ta ƙirƙira da kanta) da zari-ruga iri biyu, lig da yuniyan, da kuma tamaula, da yadda suke ƙwacen 'yan kallo da kuɗi da yara a tsakaninsu. Kowa ya kare tasa. Ni kun san inda na dosa.

Da sunan Allah nake farawa,
Ya ba ni basirar tsarawa.

Ɗan Ostireliya mata huɗu gare shi,
Kowacce na da abin nunawa.

Uwargidan ita ce AFL,
A birnin Melbon aka yi haihuwa.

A 1858 kulob ya tsaya,
Dokarta a 1859 aka zauna rubutawa.

Sha takwas-takwas a fili mai faɗi,
Ga gudu, ga tsalle, ga cafewa.

Sanduna huɗu a tsaye, ba raga,
Ta tsakiya maki 6 ake ƙirgawa.

In ta bi gefe a ba ka guda,
Mai kuskure ma ana rarrasawa.

Ranar wasan ƙarshe a filin MCG na Melbon,
Mutum dubu ɗari ke taruwa.

A 1970 an ƙirga 121,696,
Carlton da Collingwood ke karawa.

Kuɗin talabijin dalar Ostireliya biliyan 4.5,
Shekara bakwai za su yi suna zubowa.

To wace kishiya za ta ja da ita?
Ku fito fili, ina saurarawa.

Ɗan Parramatta

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. An ji kirarin uwargida, amma Melbon ba ita ce ƙasar duka ba.

Baba na gaishe ka da girmamawa,
Amma batunka yana son gyarawa.

Akwai wani layi, Layin Barassi,
Da shi aka yi wa ƙasar rabawa.

Ka tsallake shi ka shigo Sidni,
Uwargidan taka ba a kulawa.

Nan da Birisben lig ce sarauniya,
Ta sha uku-uku, mai gwabzawa.

A 1908 ta yi yaji ta fita,
Kan haƙƙin lebura aka yi ɓatawa.

Ya karye a fili, ya rasa aikin mako,
Manyan yuniyan ba sa dubawa.

Ka zo ka ga Origin, tun 1980,
Jihar Sidni mai shuɗi da ta Birisben mai makuba ke haɗuwa.

Abokin kulob ya koma abokin gaba,
Sau uku a shekara ana dambacewa.

Kun kawo Giants yammacin Sidni a 2012,
Rabin kujerun har yau ba kowa.

Mu Dolphins sun shigo a 2023,
A 2024 Las Begas muka je buɗewa.

Bears za su sauka Perth a 2027,
Har cikin ɗakinku muke kutsawa.

Papuwa Niyu Gini na tafe a 2028,
Can lig ce wasan ƙasa ga kowa.

Gwamnati ta ware dala miliyan 600,
Shekara goma za ta yi tana bayarwa.

Baba Na-Melbon

Yaro, ka iya lissafi, sai dai ka bar baya da ƙura.

Layin da kake taƙama da shi,
Tuni muka yi masa tsallakewa.

South Melbourne ta yi ƙaura a 1982,
Ta zama Swans, Sidni na tururuwa.

Wasan ƙarshe na 2024, ka tuna,
Sidni da Birisben ke fafatawa.

Su biyun duka daga ɓangarenku suke,
Kofin AFL suka zo nemowa.

Lions ta Birisben ta ɗauka, ta kuma a 2025,
Cikin ƙasar makuba take holewa.

Storm na Melbon tun 1998,
Ta sha cin kofi, ba mai waigawa.

Miliyan 600 ɗin da ka ambata,
Ba son ƙwallo ba ne ya sa ake kashewa.

Tsoron Chaina ne a tekun Fasifik,
Da rigar wasa ake tarewa.

Ɗan Parramatta

Ko don Chaina ne ko don aljanu ne, Baba, asusunmu dai suka faɗo.

Birisben ɗin da Lions ke holewa,
A 2025 Broncos ma ta yi ɗagawa.

Penrith ta jera huɗu tun daga 2021,
A AFL ta yau wa ke iyawa?

Alhaji Mai-Yuniyan

Ku yi haƙuri, Malam Baba. "Wa" ta masu ƙoshi ce. Halin da muke ciki "ba" ce ta dace da shi, a ci ni tara in an ga dama.

Tawa ta sha biyar-biyar ta yi shiru,
Ba don ba ta taɓa yin tashe ba.

Kofin duniya a 1991 da 1999,
Wanda ya gani bai manta ba.

A 2003 a Sidni Wilkinson ya buga,
Ingila ta ɗauke, ba mu farfaɗo ba.

Kofin Bledisloe tun daga 2003
Yana Niyu Zilan, bai dawo ba.

A 2023 a Faransa Fiji ta doke mu,
Wales ta yi 40 da 6, ba ta tausaya ba.

Karon farko a tarihin Wallabies, tawagar ƙasarmu,
Ko rukuni ba mu fita ba.

Rebels ta Melbon bashi ya ci ta,
Bayan 2024 ba ta sake wasa ba.

Laifinmu ne, mun zauna makarantun kuɗi,
Unguwar talaka ba mu leƙa ba.

Sai ga mu muna sayen Suaalii daga lig,
Farashinsa kuwa ba na wasa ba.

Lions na Birtaniya sun zo a 2025,
Filaye sun cika, kofin dai ba mu ci ba.

Amma 2027 duniya za ta zo nan,
Wannan baƙunci ba na kowa ba.

Uwargidan Baba duk kuɗinta,
Ba ta san ƙamshin kofin duniya ba.

Ɗalibin Hobat

Iyayena, ku ba ni wuri kaɗan. Ni ba gwanin kowa ba ne, daga Tasmaniya nake, inda rigimar ta zo har ƙofar gida.

Ni ɗalibi ne, ba ni da gwani,
Kuɗin haya ne ke hana ni sakewa.

Tasmaniya ta daɗe tana roƙon kulob,
'Ya'yanta wasu jihohi ke kwashewa.

A 2023 AFL ta ce to,
A 2028 Devils ke shigowa.

Amma da sharaɗi, sai an gina fili
Mai rufi, a Macquarie Point, bakin ruwa.

Kujeru 23,000 aka zana,
Tarayya ta sa miliyan 240, jiha ke cikawa.

AFL mai biliyan 4.5 ɗin nan,
Miliyan 15 ce take sakawa.

Garin ya rabu, wasu na son fili,
Wasu sun ce gidaje ake rasawa.

Baba, in uwargida mai kuɗi ce,
Don me aljihun talaka ake lalubawa?

Maman Biyu

Baba, Alhaji, sannunku da ƙoƙari. Na bari ne kowa ya gama kirarinsa, kafin in kare tamaula. Tunda Alhaji ya sauka daga "wa", ni ma "ra" zan hau, a haɗa mu a ci tarar.

Kun yi ta kirari kun manta da bora,
Alhali ita ta cika gidan da yara.

Ku fito Asabar da sanyin safiya,
Ku ga ƙananan ragogi an jera.

Ɗan Girka, ɗan Sudan, ɗan Labanan,
Iyaye a gefe suna ta lura.

In masu bugawa za a ƙirga,
Cikin huɗun nan tamaula ta yi zarra.

Amma ku tambaye ni kuɗin rajista,
Ni ke biya duk farkon shekara.

Na namijin daban, na macen daban,
Ga takalma, ga riga, bana an ƙara.

Abin da na biya sama yake hawa,
Kulob ya yanka, hukuma ta tsakura.

Na AFL kuwa daga talabijin
Yake fitowa, ƙasa yake gangara.

Ran nan namijin ya dawo makaranta,
Takardar Auskick, shirin yara na AFL, a hannuna ya tura.

Kuɗi kaɗan, ga jaka, ga ƙwallo,
Da haka ake farautar yara.

Macen kuwa a mota take sa riga,
Ɗakin canji na maza ne, an ƙi a gyara.

A-League, gasarmu ta gida, a 2005 ta fara,
Wajen rabon kwana aka bar mata bazara.

Hunturu na manyan ne da filayensu,
Kafin su gama, ita sai jira.

Yaro in ya nuna Turai ta ɗauke,
Irankunda daga Adelaide Bayern ya yi ƙaura.

Sai ga 2023, kofin duniya na mata,
Bora ta samu sabon zane ta ɗaura.

27 ga Yuli ina filin Birisben,
Najeriya da Matildas ta Ostireliya za su kara.

Kanu ta farke, Ohale ta ƙara,
Oshoala ta zo ta uku ta zura.

3 da 2 aka tashi, ina ta guɗa,
'Yata da rigar Kerr tana harara.

Da fenariti 7 da 6 aka fidda Faransa,
Vine ta buga, gari ya ɗau ƙara.

Har a MCG aka haska a allo,
Uwargida ma ta tsaya ta saurara.

Ranar Ingila, ko da an sha 3 da 1,
Sama da mutum miliyan 11 a talabijin ta tara.

Ba Origin, ba wasan ƙarshe na AFL
Da ya kamo ƙafarta, ku yi hattara.

Gwamnati ta ce ga miliyan 200,
Muka ce yau kam za a gyara.

Ashe na wasannin mata ne duka,
Kowa ya miƙo kwano, mai girki da 'yan jira.

Baba Na-Melbon

Hajiya, kin yi magana, ban da ja a kan kuɗin rajista. Shi kuma ɗalibi, tambayarsa ta fi ƙarfina, ya kai ta majalisar Hobat. Amma akwai inda kika ɓoye, bari in tono.

Yaran da kika gani da sassafe,
Da dare ina suke komawa?

Rigar Arsenal ce da ta Liverpool,
Firimiyar Ingila suke kwana kallowa.

A-League na wasa a bayan gidansu,
Tikitin nan ba sa yankawa.

Mai talabijin ido yake saye,
Ba ya biyan ƙafa mai bugawa.

Ɗanmu in ya buga da rana a unguwa,
Gobe MCG yake nufa da kowa.

Shi ya sa kuɗinmu ke zama a gida,
Naku jirgin Landan suke hawa.

'Ya'yan baƙi ma ba mu bar muku ba,
Majak Daw a 2013 ya yi buɗewa.

Aliir Aliir ya biyo sawunsa,
A Port Adelaide yake tsarewa.

Matan ma tun 2017 suna da gasa,
'Yarki in ta so, ƙofa na buɗuwa.

Maman Biyu

Baba, wannan ta shige ni, don rigar Arsenal ɗin ma ni na saya wa namijin. Amma a bar ni in ƙarasa.

Gaskiya ne Firimiya ta cinye dare,
Gidanmu ma ita ake jira.

Sai dai ku ba ku da Landan ɗin zuwa,
Ɗanku ko ya so, ba inda zai ƙaura.

Rashin kasuwa a waje ya tsare muku kuɗi,
Kar ku mai da shi dabara.

Ɗan Parramatta

Yaya, tunda su biyun sun gajiyar da ke, ki ba mu namijin mana. Na gan shi ranar sallah, ƙirjin nan na lig ne.

Ki kawo shi Asabar mu gwada shi,
Shekara goma Origin zai yi bugawa.

Maman Biyu

Ƙanina, rufa mini asiri.

Na ga yadda ake fidda su daga fili,
Likita na tambaya wace rana, wace shekara.

Kan ɗana ba na gwaji ba ne,
Ka haifi naka ka kai shi ya kara.

Alhaji Mai-Yuniyan

To ni ko tayi ba a yi mini ba? Allah ya kai mu 2027, za ku zo neman tikiti a wurina.

Baba Na-Melbon

Za mu zo, Alhaji, in ka rage farashi. Hukunci: Alhaji da Hajiya sun karya amsa-amo, tararsu ita ce su buɗe na mako mai zuwa. Batun da na ba su: sabon filin da za a gina a Victoria Park na Birisben domin Olamfik ta 2032, mai kujeru 63,000. In an watse, wa zai gaje shi?

Maman Biyu

Wannan ba sai an kai mako mai zuwa ba, Baba. Ga ta kan "wa" ɗinka ma, don ka yafe mini tarar.

Ka dubi zanen tun kafin a haƙa tushe,
Fili ne zagayayye ake ginawa.

Mu da lig mai kusurwa huɗu muke so,
Kusa da layi ɗan kallo ke zaunawa.

An riga an ce Lions da kurket ne magada,
Harajin kuwa har da nawa ake cirewa.