Yaya za a gane baiwar kowa a ikilisiya, a ba shi aikin da ya dace da shi?

Sabon Magatakarda:
Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, iyayena da 'yan'uwa. A ce ikilisiya tana da mambobi kusan 200, amma mutum 15 ne ke riƙe da komai: su ne mawaƙa, su ne malaman Lahadi, su ne kwamitin gini. Sun gaji, sauran kuwa sun koma 'yan kallo, har wasu na cewa ba su da baiwa tunda ba su iya wa'azi ko waƙa ba. Ta yaya dattawa za su gano baiwar kowa ba tare da an ɓata wa wani rai ba?

Dattijon Ikilisiya:
Ɗana, kada ku fara da tambayar mutane mece ce baiwarsu, yawanci ba su sani ba. Ku fara da aikin. Dattawa su zauna da shugabannin Zumuntar Mata, matasa da mawaƙa, a rubuta duk abin da ake yi daga Litinin zuwa Lahadi, har sharar ɗakin sujada, tayar da janareta, fassarar wa'azi, ziyarar marasa lafiya, ƙirga baiko da rubuta sunayen 'yan ajin baftisma. A gaban kowane aiki a sa sunan mai yin sa yanzu. Sunan da ya fito fiye da sau biyu, a nemi inda za a rage masa.

Kuskuren da aka saba yi shi ne sanarwa daga bagade, wai mai son aiki ya tsaya bayan sujada. Masu baki ne za su tsaya, mai kunya ya sulale gida. Maimakon haka a raba sunayen mambobi tsakanin dattawa, kowa ya ɗauki kamar gida 10, ya je har gida ya yi tambaya uku: mece ce sana'arka, wane taimako mutane suka fi zuwa nema wurinka, wane abu ne in ka ga an yi shi ba daidai ba a ikilisiya yake damunka? Ta ukun ta fi tona asiri. Wanda hayaniyar yara a ajin Lahadi ke hana shi sakat, sau da yawa malami ne da ba a gano ba.

Sai gwaji. 1 Timoti 3:10 ta ce a fara gwada masu hidima kafin a ɗora su. Wata 3 ya isa, tare da wanda ya daɗe a aikin, kuma a faɗa tun ranar farko cewa gwaji ne.

Mama Zumunta:
Baba Dattijo ya yi magana, amma akwai saura. Ko an raba aiki daidai, in godiya ba ta sauka daga bagade ba, mutane za su ci gaba da ganin baiwa ta masu riƙe makirifo ce. A taron ƙarshen shekara ana yaba wa mai wa'azi da mawaƙa, ba a ambaton matar da ta kwana uku a gidan makoki tana hura wuta, ko tsohon da yake sulhunta ma'aurata ba wanda ya ji. Tabita a Ayyukan Manzanni 9 ɗinki take yi, riguna gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka. Bezalel a Fitowa 31 an cika shi da Ruhun Allah don aikin zinariya, azurfa, tagulla, sassaƙar dutse da itace. Kafinta da tela su ji wannan daga bakin fasto, ba sau ɗaya ba.

Kuma a kula da maganar boko. Rashin Turanci ba rashin baiwa ba ne. Akwai wadda ba ta iya karatu ba, amma in ta yi wa mata gargaɗi da yarensu sai jiki ya yi sanyi. A haɗa ta da yarinyar da za ta karanta mata nassin, aiki ya tafi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Malamin Makarantar Baibul:
Mama ta taɓo inda ke ciwo. Bari in ƙara da nassi, don wasu na ɗaukar jeri ɗaya su ce baye-bayen ke nan. 1 Korantiyawa 12:8-10 ta lissafa tara. Romawa 12:6-8 ta kawo bakwai, a ciki har da bayarwa, shugabanci da nuna jinƙai, waɗanda ba sa cikin taran can. Afisawa 4:11 kuma mutane take ambata: manzanni, annabawa, masu bishara, makiyaya da masu koyarwa. Tunda jerin ba su zo iri ɗaya ba, ba wanda ya kamata a riƙe a matsayin cikakke. 1 Bitrus 4:10-11 ta raba su gida biyu kawai, magana da hidima, ta kuma ce kowa ya sami tasa.

A bambanta baiwa da hali. 'Ya'yan Ruhu na Galatiyawa 5:22-23, wato halaye irin su ƙauna da haƙuri, ana neman su ga kowa, baiwa ce ake rabawa daban-daban. Mai murya mai daɗi da ba ya jin magana bai isa jagorar mawaƙa ba tukuna.

Abin da ya fi wuya shi ne wanda aka gwada bai dace ba. Kada a cire shi a gaban taro, kada kuma a daina kiran sa shiru, wannan ne ke sa mutum ya canza coci. Mutum biyu su same shi a keɓe, su faɗi abin da suka ga ya iya, su zo da wani aiki a hannu a ranar. Kuma kada a rufe ƙofa. Bulus da Barnaba sun rabu a kan Markus a Ayyukan Manzanni 15, don Bulus ya ƙi a tafi da shi, amma a 2 Timoti 4:11 Bulus da kansa ya ce a zo masa da shi, yana da amfani a hidima.

Tsohon Ma'aji:
Gyara ɗaya, Baba, a kan gwajin wata 3: ban da kuɗi. Ba a ba sabon mutum jakar baiko shi kaɗai, komai kirkinsa. Mutum 3 su ƙirga, su sa hannu a takarda ɗaya, mai riƙe kuɗi daban, mai rubuta littafi daban. Bulus ma bai ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, duba 2 Korantiyawa 8:18-21. Sabon ya fara da ƙirga tare da su, bayan shekara a duba ko za a ba shi littafi.