Shuni na zuba a kayan da nake ɗinkawa, ku taimaka mini

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon ɗinkin kayan mata a Kano. Bara na daina amfani da rinin kemikal, domin ruwansa da muke zubarwa a kwata ya daɗe yana damuna, ga yaran unguwa kullum suna wasa a bakinta. Sai na koma marinar Ƙofar Mata, inda har yau ake haɗa baba da toka a rami. Farin yadin auduga nake saye a Kantin Kwari in kai a rina, a buga, ya fito yana ƙyalli.

To amma shunin yana zuba. Wata baiwar Allah ta dawo mini da riga, ta nuna mini farin mayafinta, duk gefen wuya ya yi shuɗi. Wallahi kunya ta kama ni. Na gwada ɗauraya har sau uku, na jiƙa a ruwan gishiri, ya ragu amma bai daina ba. In kuma na yawaita wanki, ƙyallin bugun ya tafi, alhali shi masu saye ke so.

Don Allah wanda ya san sirrin kama shuni ba tare da kemikal ba, ya taimaka mini. Kafin bugu ake ɗauraya, ko bayansa?