Daga ina ake fara koyon lissafin tafiyar kumbo?

Ɗalibi, Agege: Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a karatun injiniya, kuma ina son in koyi yadda ake lissafa falakin tauraron ɗan'adam, wato hanyar da yake bi yana zagaye duniya, da tsara tafiyar kumbo zuwa wata duniyar. Ina roƙon manya su nuna mini inda zan fara.

Injiniya, Ikeja: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ajiye manhaja tukuna, ka ɗauki takarda da biro. Ka laƙanci dokokin Kepler uku kan yadda duniyoyi ke zagaye rana, waɗanda ya fitar a 1609 da 1619, sannan dokar Newton ta ƙarfin janyowa. Aikinka na farko shi ne ka gano da lissafinka dalilin da ya sa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kimanin kilomita 400, take zagaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai, alhali tauraron da ke nisan kilomita 35,786 sai ya cinye kwana guda, daidai da juyawar duniya. Shi ya sa dish ɗin da ke kan rufin gidanku ba ya buƙatar motsi. NigComSat-1R, tauraron sadarwa na Najeriya wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disamban 2011, a irin wannan falakin yake.

Malama, Yaba: Injiniya, na yarda da kai, amma ba duka ba. Akwai abin da biro ba ya saurin cusa wa mutum a kai, wato idan kana bin kumbon da ke gabanka a falaki ɗaya, ƙara wuta zai ɗaga ka sama ne, zagayenka ya tsawaita, shi kuma ya yi maka nisa. Sai ka rage gudu ka sauko ƙasa kaɗan kafin ka cim masa. Ko matuƙan kumbon Amurka Gemini 4 wannan ya ruɗa su a 1965. Don haka nake ba ɗalibaina shawarar wasan kwamfuta na ƙera kumbo da tuƙa shi, Kerbal Space Program, domin wanda mai ya ƙare masa a tsakiyar tafiya sau biyu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Injiniya, Ikeja: Gaskiyarki, Malama, muddin wasan bai cinye lokacin karatu ba. Maganar mai kuwa ita ce ƙashin bayan tsara kowace tafiya. Ka koyi lissafin roka na Tsiolkovsky na 1903, da dabarar sauya falaki da Hohmann ya bayyana a 1925, mai ƙona mai sau biyu kacal. Da ita za ka ga cewa zuwa duniyar Mas na ɗaukar wata takwas da rabi, kuma damar tashi ba ta zagayowa sai bayan kimanin wata 26. Bayan nan sai ka sauke GMAT, manhajar kyauta ta hukumar NASA, wadda ko kwamfutar hannu ta gwanjo daga kasuwar Ikeja za ta iya ɗauka.

Ɗalibi, Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai inda ake zurfafa wannan karatun a nan gida?

Malama, Yaba: Akwai. Ka bibiyi NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya da ke Abuja, wadda aka kafa a 1999, da cibiyar koyar da ilimin sararin samaniya da ke jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife. Jami'ar fasaha ta Akure ma da hannunta a ƙaramin tauraron Nigeria EduSat-1 na 2017. Amma kafin nan, ka kawo mana amsar lissafin da Injiniya ya ba ka mu duba ta a nan zauren.